Mai Goyo a Ƙarƙashin Tanki

Wata huɗu na yi ina rarrafe a bayan ɗakin gwaje-gwaje, inda famfo ke ɗiga a kan tarin ganye. A nan ɗan gizo-gizon da nake nazari yake zama. Ba ya saƙa, da gudu yake farauta a ƙasa, kuma duk girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Farfesa ya ce ba zai sa hannu a aikina ba sai ya gan shi a mazauninsa, don shi a wajensa hoto ba shaida ba ne.

Ranar da zai zo, na tarar da wurin fes kamar an lashe. Baba mai lambu na tsaye da manjagara, yana jiran yabo.

"Na ji za ki yi babban baƙo, 'yata. Ya za a yi ya tarar da bola?"

Wallahi ba don ya yi sa'an mahaifina ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

"Baba, bolar nan ita ce karatuna," na ce, hawaye na zubo mini. "Gizona a ciki yake."

"Wanne? Mai launin ƙasan nan, mai manyan idanu biyu a gaba kamar fitilun mota?"

Na saki baki. Ni sai da na sa gilashin ƙara girman abu na ga idanun nan.

Ya ce in biyo shi. Ashe a ƙarƙashin tankin ruwa ya juye ganyen, cikin inuwa da danshi. Ya ɗaga ganye ɗaya a hankali, sai ga gizon nawa, mace ce, bayanta cike da 'ya'ya.

"Na so in ƙona, sai na ga mai goyo," in ji shi. "Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa sa wa mai goyo wuta ba. Shi ne na kawo ta wajen danginta."

"Danginta?"

Ya ture wani dutse da ƙafa. Guda shida suka watse, biyu na jan farin ƙunshin ƙwai. Kullum ta nan nake wucewa, ban taɓa sunkuyawa ba. Kunya ta kama ni, mutumin kuma ya ƙara girma a idona.

Farfesa ya zo, ya durƙusa har wandonsa ya jiƙe, kuma ya sa hannu a aikina. Amma duk tambayoyin da ya yi ran nan, Baba ya yi wa, ni ina gefe ina rubuta amsa.