Rediyon da Ba Ya Magana Sai a Kan Tebur

Akwai wani hali da ya fi sata muni: mutum ya sayar maka da abu mai aibi, in ka dawo ka ce ga abin da ya same ka, ya dube ka ya ce kai ne ba ka iya ba. Ɓarawo dai ya ɗauki kayanka ya tafi. Wannan kuwa ya ci kuɗinka, ya bar ka da wahala, sa'an nan ya mai da kai maƙaryaci a gaban jama'a. Halin Lukmanu ke nan, mai shagon rediyo a bakin filin jirgin Garwa, ga kuma yadda ta ƙare masa.

Zamanin mulkin Shugaba Ahijo ne, lokacin da mota kan kwana cikin laka tsakanin Garwa da Adamawa in damina ta kankama. Alhaji Muntaka, babban dillalin shanu, ya gaji da wannan wahala, ya sayi ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu don ya riƙa riga abokan sana'arsa isa kasuwa. Ya ɗauki matuƙi mai suna André, Kirista, ɗan manoman dutse daga wajen Mokolo, wanda ya koyi Hausa a kasuwar Marwa yana taya uwarsa sayar da gyaɗa. Kafin André ya sami takardar tuƙin jirgi sai da ubansa ya sayar da awakinsa kaf. Da takardar nan yake ci da gida biyu, nasa na Garwa da na kan dutse. In aka karɓe ta, sai dai ya koma ya ɗauki fartanya.

Jirgi ba ya sauka a babban fili sai matuƙi ya kira mutanen hasumiya ta rediyo sun ce masa ya sauko. Rediyon jirgin Alhaji kuwa a hannun Lukmanu aka saya, wakilin wani kamfanin Turai a arewa duka. Da safe a ƙasa yakan yi magana tar. Da zarar an jima a sama, cikin jirgi ya yi zafi, inji yana girgiza komai, sai ya fara ƙara kamar ana soya ƙwai, daga nan ya yi tsit. In an sauka ya huce, ya dawo lafiya lau.

André ya kwance shi ya kai shago. Lukmanu ya ɗora shi a kan tebur ƙarƙashin fanka, ya haɗa waya, ya kira hasumiya. Suka amsa nan take.

"Kaftin, ka ji?" in ji Lukmanu. "Ko jirgin ne ya toshe maka kunne?"

"A nan yana yi, Musye Lukmanu. A sama nake gaya maka."

"Sama kuma? Ai can ya fi jin daɗi."

"To zo mu hau tare, ka ji da kunnenka."

"Ni? Allah ya sawwaƙe! Ni injiniya ne, ba karen mota ba. Ku mutanen dutse in kuna son magana da na wancan tsauni ihu kuke yi. Wannan ba a yi masa ihu. Danna nan, ka yi magana a hankali kamar ɗan birni."

Masu zaman shago suka kwashe da dariya. André ya ɗauki akwatinsa ya fita, zuciyarsa tana tafasa.

Haka aka yi ta yi, kai ya zama kamar aikin ibada. Lukmanu ya buɗe murfi, ya hura ƙura, ya rufe, ya ce an gyara. Ya san abin da ya kamata, wato ya mayar wa kamfani su buɗe cikinsa. Amma wakili ke biyan kuɗin aikawa, kuma wakilin da ya cika mayar da kaya ba ya daɗewa a kan wakilci. Saboda haka ya zaɓi kunnen André ya zama shi ne mai ciwo.

André ya rubuta wa kamfanin da kansa. Sai da ya kusa mantawa amsa ta iso, a takarda mai kyau, magana layi biyu: kayanmu suna aiki a kowace ƙasa, in kana da damuwa ka ga wakilinmu na Garwa. Ya kai kuka wurin Alhaji. Alhaji ya shafa gemu ya ce, "Yaro, Lukmanu ɗan aminina ne na Banyo, a gabana aka raɗa masa suna. Ka yi haƙuri, ka riƙa ɗaga murya."

Ran nan suna dawowa daga Marwa rediyon ya ɗauke. André ya kewaya fili yana kaɗa fikafikai ko za a haska masa fitilar izinin sauka, babu wanda ya kula. Mai ya yi ƙasa, ya sauka ba izini. Ashe babban jirgin Duwala na bayansa, dole ya fasa sauka ya sake kewayowa da mutane cike. Kumandan fili, wani tsohon soja mai suna Roger, ya sa aka kira André, aka kira Lukmanu. Lukmanu ya haɗa rediyon a kan teburin kumanda, ya yi magana tar.

"Ranka ya daɗe, matsalar tana wurin mai dannawa," in ji shi.

Kumanda ya nuna André da yatsa. "In na sake jin sunanka a kan maganar rashin kira, takardarka za ta kwana a aljihuna. Fita."

Ruwan fari ya sauka, Alhaji ya ce a kai shi kasuwar Banyo. Filin Banyo ba shi da hasumiya. Fili ne na ciyawa a kan tudu, ƙarshensa kwazazzabo mai zurfi, gefensa bukkar mai gadi, Hamidu. A bukkar akwai rediyon ƙasa da Lukmanu ya kafa. In Hamidu ya ji kira, sai ya fita ya duba fili ya kori duk abin da ke kai.

André ya fara kira tun daga nesa. Ƙarar suya, sai tsit. Ya danna, ya sake dannawa, ya bugi akwatin da tafin hannu. A bayansu hadari ya haɗu baƙi ƙirin ya rufe hanyar komawa, man da ya rage kuma ba zai kai su wani fili ba. Da suka iso kan tudun ya leƙa ƙasa. Fili cike da jajayen shanu daga wannan baki zuwa wancan, kowace ta sa kai cikin sabuwar ciyawa.

"Shanun wane mara tsoron Allah ne waɗannan?" in ji Alhaji.

André ya wuce ta kansu daga sama ko wani zai fito. Babu makiyayi, babu Hamidu, sun shige bukka suna gudun iska, sun dogara da kiran da bai zo ba. Shanun ko ɗaga kai ba su yi ba. Iska ta fara jifa da jirgin. Alhaji ya kama salati.

"Alhaji, riƙe kujera," in ji André.

Ya karkato da jirgin, ya sauko ƙasa ƙasa har yana ganin ƙudan da ke bayansu, ya buɗe inji iya ƙarfinsa a kan ƙahoninsu. Garken ya watse kamar an zuba ruwan zafi a gidan tururuwa. Wasu suka yi daji. Mafi yawa suka miƙe gaba, na baya suna tura na gaba, har bakin kwazazzabo, suka yi ta zubawa ciki. André ya kewayo ya sauka a filin da ya zama fayau. Tayoyi na taɓa ƙasa ruwa ya ɓarke.

Hamidu ya sheƙo da gudu, hannu biyu a ka. "Direba, ka kashe ni! Me ya hana ka kira?"

André ya kwance ɗamarar kujera ya sauko.

Kafin ruwa ya tsagaita labari ya kai gari. Mahauta suka taho da wuƙaƙe suna gangarawa cikin laka, don dabbar da ta karye in ba a kai mata wuƙa da rai ba ta zama mushe, ba mai ci, ba mai saye. Wadda aka tarar tana motsi a yi bisimilla a yanka. Na can ƙasa, da sauran suka danne, an makara. Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya sauka, ya kama kunnen wata saniya ya duba tsagar da ke jiki. Ya duba ta biyu. Dillali ne, ya san shaidar kowane gida a Banyo.

"Hamidu, wannan ai shaidar gidan aminina ce. Shanun Lukmanu ne?"

Hamidu ya sunkuyar da kai. "Shi ya ce in bari su ci, Alhaji. Ya ce ciyawar fili ba mai taɓa ta, kuma jirgi ba ya zuwa sai ya kira, in na ji sai mu kore su."

Alhaji ya tsaya cikin ruwa yana huci. "Wato kan ciyawa ya kusa sa a yi mini salla yau."

Da mutum ne mai kunya, da ya yi shiru ya haɗiye asararsa. Lukmanu kuwa ko kafin su dawo Garwa ya riga ya shigar da ƙara wurin kumanda, wai André bai kira ba da gangan, ya kori dabbobinsa cikin rami don ya huce haushin gardamarsu, a biya shi. Kumanda Roger ya miƙa hannu. André ya zaro takardarsa ya ba shi, ya ga ta shige aljihun kakin. Ya tuna awakin ubansa. Sai maganar ta fito masa da ƙarfi.

"Ranka ya daɗe, kullum a kan tebur ake gwada abin nan. Ni ba tebur nake tuƙawa ba. A gwada shi a inda yake aiki. Kuma kada in taɓa shi, tunda an ce ban iya ba. Mai shi ya danna da hannunsa."

"Ba aikina ba ne hawa jirgi," in ji Lukmanu da sauri.

Alhaji, wanda ke zaune a gefe, ya ɗago. "Ɗana, ni na hau, da furfurata, a kan maganarka. Kai ma za ka hau."

Kumanda ya ce ko ya hau ko ya janye ƙara. Lukmanu ya tuna shanunsa, ya hau.

Da rana tsaka suka tashi, André na tuƙi, kumanda a gefensa, Lukmanu a baya an miƙa masa abin magana. Suna ɗagawa ya kira hasumiya da Faransancinsa mai gishiri, suka amsa. Ya yi murmushi, ko da yake gumi ya riga ya jiƙa masa wuya.

"Kun ji, ranka ya daɗe? Mu sauka."

"Ba mu gama ba," in ji kumanda.

André ya bi kogin Binuwai ya yi gabas, ya juyo, ya sake komawa. Cikin jirgi ya zama kamar tanda. Kumanda ya ce a kira. Aka amsa, amma da ƙarar suya. Aka jima ya ce a sake. Lukmanu ya danna, ya yi magana a hankali. Tsit. Ya danna ya ɗaga murya. Tsit.

"Wataƙila na hasumiya sun tafi cin abinci," in ji shi.

Kumanda ya ce, "Ni na zaunar da su, na ce ko fitsari kada su tashi. Kira."

Jirgin ya faɗa cikin wata iska ya yi ƙasa kamar an saki igiya. Lukmanu ya ƙanƙame kujera da hannu ɗaya, ya manna baki a kan abin magana ya kurma ihu iya ƙarfinsa, da Faransanci, da Hausa, har da Fulatanci, yana roƙon ko wane ne ya amsa. Babu wanda ya amsa. Daga nan ya yi amai a kan takalmansa.

Da koriyar fitila aka ba su izinin sauka. Inji bai gama tsayawa ba kumanda ya sa hannu a aljihu ya ajiye wa André takardarsa a cinya. Bai ce yi haƙuri ba, soja ne. André ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji ya ɓalla maɓalli.

Kamfanin da ya amsa wa André da layi biyu, da ya ga takarda mai hatimin hukuma sai ga amsa da gaggawa har da sabon rediyo. Suka ce su ba su taɓa jin wani ƙorafi ba, laifin wakili ne. Ƙarya suke yi, kuma babu abin da ya same su. Wannan yana nan yana jiransu a gaban Allah.

Na Lukmanu kuwa a nan aka biya shi. Shanu goma sha bakwai mushe, ungulu da kuraye suka cinye. Ashirin da biyu aka yanka, mahautan Banyo suka saya yadda suka ga dama, don nama ya yi yawa a gari ranar. Takwas suka shiga daji ba a sake ganinsu ba. Sauran hukuma ta tsare su saboda kiwo a filin jirgi, sai da ya sayar da rabi ya fanshi rabi. Kamfani ya karɓe wakilci. Kumanda ya karɓe shago. Alhaji Muntaka ya gaya wa masu zaman zaurensa in Lukmanu ya yi sallama a ce ba ya nan.