Wayoyi Biyu a Motar Alhaji Maikuɗi

A Kontagora ta wancan lokaci, sabuwar mota ba ta cika mota ba sai an sa mata hon mai kiɗa. Duk wanda ya sayo, kafin ya kai ta gida a sa albarka, sai ya biya layin kanikawa wajen Dogo Rewaya. Kayan aikin Dogo allura ce da ƙwan fitila. Ya huda waya, in ƙwan ya kama, ga wuta nan. In bai kama ba, ya jawo wuta daga batir ya ƙyasta mata, ya ga abin da zai motsa. Da haka ya ciyar da gidansa, da haka ya tura 'yarsa Raliya zuwa Bida ta karanto aikin lantarki.

Raliya ta dawo da takardar shaidar da ba wanda ya nemi gani. Ta yi sintiri Minna har takalminta ya suɗe, sannan ta kafa tebur a zauren gidansu tana gyaran rediyo. Duk sanda ta kai wa mahaifinta abinci, kanikawa sai sun tsokane ta.

"Injiniyar rediyo! Yau wace tasha kika kamo mana?"

"Wadda ke karanta sunayen malalata. Naka aka fara kira."

A yi dariya, ta wuce kanta a sama. Ba wanda ya san sai ta shiga rumfar mahaifinta take sakin numfashi.

Da daminar 1996 Alhaji Maikuɗi, mai sayen masara daga Beri da Kumbashi, ya sayo wata doguwar motar Jamus ta Kwatano. Dogo ya buɗe ta, ya ga wayoyi biyu sirara a murɗe da juna kamar igiya. Ya huda, ƙwai bai kama ba. Ya ƙyasta musu wuta kamar kullum. Babu abin da ya motsa, sai ya nemi wata wayar ya haɗa hon ɗinsa. Hon ya yi kiɗa, amma da Alhaji ya ja motar, fitilun gargaɗi suka cika gabansa, ta ƙi karɓar wuta, tana rarrafe har mai keke na wuce ta.

Na'inna, shugaban ƙungiyar kanikawa, ya yanke magana a gaban kowa. Alhaji zai tafi Legas. In ya dawo motar ba ta warke ba, Dogo ya kwashe kayansa, a ba wani rumfar.

Ran nan Dogo ya dawo gida tun la'asar ba ta yi ba, ya zauna a zaure kusa da teburinta.

"Baba, wace waya ka taɓa?"

"Wadda ba komai a cikinta. Matacciya ce."

"Murɗaɗɗiya?"

Ya ɗago ya dube ta.

Raliya ta taɓa jin labarin irin waɗannan wayoyi a shekararta ta ƙarshe a makaranta, amma ba ta taɓa ganinsu da ido ba. Ba ta ɓoye masa hakan ba. Ta ce motar tana da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, kowace da aikinta, kuma ta wayoyin nan biyu suke magana da juna. A bakin kowace akwai ɗan aisi, ƙarami kamar ƙwayar wake, shi ne bakinta, shi ne kunnenta. Wutar batir ta yi masa yawa.

"Wato na kurmantar da ita," in ji Dogo.

Washegari ta ɗauki mitarta ta awon wuta ta bi shi. Layin ya ɓarke da shewa.

"Dogo, abin har ya kai a kira mata?"

Na'inna ya zo da kansa. "'Yata, nan ba zaure ba ne. Mace ba ta taɓa kwanciya ƙarƙashin mota a layin nan ba."

"Ba kwanciya na zo yi ba, Baba Na'inna. A tsaye zan yi."

Ta ciro akwatunan ƙwaƙwalwar motar, ta auna. A cikin guda ta sami ɗan aisin da ƙaramin ƙurji a bayansa. Ba a sayar da irinsa a Kontagora ko a Minna. Ta hau bas ta Tegina zuwa Kaduna, ta shiga kasuwar Panteka cikin taɓo tana bin rumfuna, ana tambayarta ina maigidan da ya aiko ta. Akwatin da ta samo na farko ruwa ya riga ya cinye shi, ta dawo hannu banza. A layi aka ce injiniya ta je yawon buɗe ido. Ta sake komawa, ta samo wani daga motar da ta yi hatsari.

Ciro aisin ya fi nemansa wuya. Ƙafafunsa kamar gashi, ƙarfen dalmarta kuwa na rediyo ne, mai kauri. Dogo ya karɓa ya goge bakinsa da zarto har ya yi tsini, ya riƙe mata allon da aisin ke manne a kai a hasken ƙofa. Ta yi bisimilla, ta ciro shi, ta dasa a gurbin ƙonannen.

Ranar da Alhaji ya dawo, ya ja motar ya miƙa hanyar Yawuri, fitilun nan duk sun mutu, ta tafi kamar ruwa. Ya dawo yana danna hon.

Na'inna ya gyara murya. "Rumfa ta Dogo ce, magana ta ƙare. Amma katin ƙungiya ba ma ba mace."

"Ban roƙa ba," in ji Raliya.

Abin ya yi mata zafi, ta haɗiye. Da jama'a suka watse, ta ga mahaifinta yana jujjuya allurarsa da ƙwan a hannu. Irin motocin nan za su yi ta zuwa, su biyun sun sani. Ta so ta ce masa tsofaffin ma ba za su ƙare gobe ba, amma ba mutumin da ake lallashi ba ne.

"Wai ƙwaƙwalen motar nan me suke faɗa wa juna?" ya tambaya.

"Wannan ta ce an taka totur. Waccan ta ce na ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Amma ba sa yin shiru."

Ya jinjina kai, ya sa allurar a aljihu. Sannan ya tashi ya fara janye tsofaffin batura daga kusurwar rumfar da ta fi haske.

"Teburin nan naki," ya ce, "zai shiga nan, ko sai an rage masa ƙafa?"