Malam Bala Bai Haye Rafi Ba

Karo na uku ke nan Fabian yana sauka bakin rafin ya duba karan da ya kafa a laka. Ruwa ya haɗiye karan. Ya karyo wani ya kafa a sama da wurin, ya goge hannu a wando, ya koma jikin mota. Ko minti biyu bai yi a tsaye ba ya sake gangarawa.

A bayan motar, inda aka kwantar da kujeru, Malam Bala mahauci ne a miƙe, an lulluɓe shi da zanen gado. Tun ƙarfe sha ɗaya na safe Allah ya karɓi abinsa.

"Oga direba," in ji Jabir, tsohon maharbin da ke yi wa baƙi jagora, "rafin nan in ya kawo haka, sai gobe. Wani lokaci ma jibi."

"Zai sauka," Fabian ya ce. "Ruwa ne fa, ba dutse ba. Zai wuce."

Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce ta raba gidan Fabian da na Malam Bala a unguwar Rikkos ta Jos. Fabian tayoyi yake sayarwa a kasuwar Terminus, amma ƙarshen mako sai ya kwaso 'yan yawon buɗe ido ya kai su Tungar Kanya, wani ƙauye a gefen gandun daji, tafiyar awa huɗu daga Jos. Mutanen ƙauyen sun daɗe da rataye bindigoginsu. Yanzu baƙi suke saukewa a bukkoki, su ba su zuma, su zaga da su kallon birai da tsuntsaye, mai rabo har ya ga sawun damisa. Fabian kuwa in ya dawo sai ya zauna a dakalin ƙofar gida ya yi ta zuba labari, rabi gaskiya rabi gishiri.

Malam Bala ya sha wannan gishirin har ya ishe shi. Rannan ya ce, "Kai Fabiya, shekara arba'in ina mayankar Abattoir. Dabbar da ta bi ta hannuna Allah kaɗai ya san adadinta, amma duk a ɗaure aka kawo mini su. Ban taɓa ganin dajin da dabba ke yawo don kanta ba. Gani ya kori ji, wannan karon da ni za a."

Matarsa Ladi ta ƙi. Ga hawan jini, ga ƙafa ta kumbura, wane irin daji kuma da tsufa? Amma mutumin da ya saba kayar da bijimi ba magana ce za ta kayar da shi ba. Ranar tafiya ta leƙo daga zaure riƙe da ledar magungunansa, ta miƙa wa Fabian.

"Baban Chiazo, amana ce. Ka dawo mini da shi."

"Maman Salma, kar ka damu," Fabian ya ce da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "Ni na ɗauka shi, ni zan kawo shi har ƙofa."

Suka isa lafiya, suka kwana. Da safe Jabir ya shiga da su daji tare da sauran baƙi, har wani wuri mai yashi inda aka kife ƙwarya a ƙasa. Haka suke yi a ƙauyen, in an ga sabon sawun damisa sai a rufe shi don kada ruwa ya shafe kafin baƙi su zo. Jabir ya ɗaga ƙwaryar. Malam Bala ya tsuguna da ƙyar, ya auna sawun da tafin hannu, ya karkata kai irin na mai taya bijimi a kasuwar shanu.

"Wannan za ta yi kilo sittin," ya ce, "ban da fata."

Kowa ya yi dariya, shi ya fi kowa. A hanyar dawowa ya ce a ɗan tsaya. Ya zauna a inuwa, ya nemi ruwa, ya kurɓa sau biyu, ya yi kalimar shahada a hankali kamar mai magana da kansa. Shi ke nan. A lokacin hadari ya riga ya rufe duwatsun gabas, can inda rafin ke tasowa.

Limamin ƙauyen ya ce a yi masa sutura a nan, ɗan'uwa ne, baƙo kuma haƙƙinsa biyu. Fabian ya ce ina, sam. Ba rashin sani ba ne, don ya raka gawa a Rikkos ta fi a ƙirga, ya san Musulmi ba sa ajiye mamaci. Amma shi Ibo ne, a wurinsu mamaci gida ake kai shi. Lokacin da mahaifinsa ya rasu, awa goma sha uku ya yi a bayan mota daga Jos zuwa garinsu, hannunsa a kan akwati. Ta yaya zai shiga layinsu da kujera babu kowa, ya dubi ƙofar zauren nan?

"Malam, abeg, don Allah," ya ce wa liman. "Na yi ma matarsa alkawari. Mutum ba kaza ba ne da za a bar shi inda ya faɗi."

Liman bai ja da shi ba. Aka kama aka sa gawar a mota, sauran baƙi suka zauna a ƙauye. Fabian ya taka wuta, kilomita biyu sai ga rafi ya cika ya batse, ja wur, yana jan itatuwa.

Bayan azahar sai ga su a ƙafa, liman da Jabir da mazaje kusan goma. Suka sami gefe suka zauna. Rana ta buɗe bayan ruwan, zafi ya taso daga ƙasa, ƙudaje suka fara bin gilashi. Fabian ya tayar da mota ya kunna sanyi, ya rufe ƙofofi. Ya zaga ta, ya doddoki tayoyi, ya leƙa allurar mai, ya koma wurin karansa. Shi ma ruwa ya cinye.

Da aka yi la'asar ya naɗe wando ya shiga ya gwada zurfin. Taku huɗu ruwa ya kama ƙugunsa ya fizge. Ba don Jabir ya cafko wuyan rigarsa ba, da gawa biyu ake magana.

"Oga direba," Jabir ya ce yana haki, "a kan surin can akwai sabis ɗin waya."

Fabian ya sani. A kan wannan surin yake hawa duk mako ya kira gida. Tun azahar yake kauce wa kallonsa, don gaskiyar magana tsoro yake ji. Ya gwammace ya yi kokawa da rafi da ya ji muryar matar nan. Ya hau yana ɗigar ruwa, ya kira Ladi.

Bugu ɗaya ta ɗauka. Yana jiyo injin niƙan layinsu a bayanta, da wani mai keke yana hon.

"Baban Chiazo? Kun taso?"

"Maman Salma..." Ya kasa. Ya sake farawa. "Baba Bala ya tafi. Ya rasu."

Ta yi salati, ta maimaita, ta sake maimaitawa.

"Tun yaushe?"

"Sha ɗaya."

"Sha ɗayan safe? Yana ina yanzu?"

"Yana mota. Na kunna masa sanyi. Ruwa ya tare hanya, amma zai sauka, wallahi zan kawo shi."

"Baban Chiazo, ka sauke shi."

"Na yi maka alkawari."

"Na yafe maka. Mai rai na ba ka." Muryarta ta karye, ta tattaro ta. "Ka tsare bawan Allah wuni guda a mota, makwancinsa na jiransa. Akwai Musulmi a wurin?"

"Suna nan. Tun ɗazu suna zaune."

"To ka ba su shi. Ƙasar Allah duk ɗaya ce. Abu ɗaya nake roƙo, ni yanzu takaba ta hau kaina, ba inda zan je. Ka tsaya har a gama, ka gane wurin da kyau. In Salma ta tambaye ni ina babanta yake, in sami abin da zan faɗa mata."

Fabian ya sauko, ya je ya kashe motar. Nan ne kuka ya zo masa, kuka mai sauti, ƙato da shi ya kifa kai a kan sitiyari. Liman ya jira har ya lafa, sannan ya buɗe ƙofa ya zauna a gefensa, ya ce, "Mu je, oga. Rana tana faɗuwa."

Kafin magariba an gama komai. An yi wanka, liman ya fito da farin yadin da ya ajiye don kansa, aka yi sahu a bayan masallaci. Fabian ya tsaya can baya da hula a hannu. A maƙabarta aka ja ƙasa, aka yayyafa ruwa, aka jera ƙaya a sama saboda kura. Mutane suka yi addu'a suka fara watsewa.

Sai da ya juya zai tafi ya lura. Babu allo, babu suna. Tsibin ƙasa ne jere da juna, kowanne da ƙayarsa, damina ɗaya ta isa ta mayar da sabo kamar tsoho. Ya koma bakin maƙabartar inda wata tsamiya take, ya jingina bayansa da ita, ya fara takowa yana ƙirga sawu. Da Hausa ya fara, a tsakiya ya ji bakinsa ya koma Ibo, lissafin ya ɓace masa.

Ana kiran salla a ƙauye. Fabian ya share ido da hular, ya koma gindin tsamiyar, ya sake farawa daga ɗaya.