Sirdin Hanifa

Tun da likita a Birnin Kebbi ya rubuta wa Riskuwa man shafawa saboda ƙarancin sinadarin maza a jikinsa, kasala ta sake shi. Sai dai akwai sharaɗi: a kafaɗa ake shafawa, kuma kada man ya taɓa fatar mace ko yaro, don yana yi musu illa.

Ita kuwa autarsa Hanifa, kafaɗar nan ce dokinta. Ranar da ta ɗare wuyansa yana tsugune ba riga, ya daka mata tsawa, ya sauke ta ya wanke mata ƙafafu da sabulu. Daga nan ta daina zuwa kusa da shi. Ko yana gonar shinkafarsa a Argungu, abin na cin ransa.

Matarsa Nazifa ta ninka tsohon zaninta, ta ɗinke, ta ɗora masa a kan riga.

"Hanifa, taho ki gani," in ji ta. "Dokinki bai ƙi ki ba, sirdi yake jira."

Yarinyar ta hau, ta kama kunnuwansa. Riskuwa ya zagaya tsakar gida yana haniniya, idonsa cike da ƙwalla.