Kaffarar Rahma

"Buɗe bakinki, ɗiyata. Cokali guda kawai."

Rahma ta datse haƙora ta juya fuskarta bango. Kunun tsamiyar da na dama mata ya gangaro ta gefen bakinta ya jiƙa matashi. Mijinta Jibo yana tsugune a bakin ƙofa, ya dafe kai da hannu biyu.

"Inna Indo, rana ba ta hwaɗi ba," in ji ta. "Kada ki ɓata mani, in koma tun hwarko."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a unguwar Zariya. Ranar da aka kawo ta amarya daga Tsibiri ni na kama hannunta na shigar da ita ɗaki, yarinya ɓul-ɓul, har mata na tsokanar Jibo wai sai ya ƙara buhun hatsi. Ta yi dariya, amma na ga ta ja mayafi ta rufe damatsanta. Tun a makon farko na san tana da waswasi. Daga wurin da nake suyar waina ina jin ƙarar butarta: ta yi alwala, ta sake, ta kuma sakewa, har a sallame a masallaci ba ta tayar da kabbara ba. Gindin katangar nan bai taɓa bushewa ba, har gansakuka ta fito ta ɓangarena.

Da azumin bara ruwan kurkurar baki ya wuce mata maƙogwaro. Sai zuciyarta ta ce mata da gangan ta haɗiye. Ta ɗaura kaffara, wata biyu a jere, wadda in ta karye sai a koma farko. Tata kuwa kullum karyewa take yi. Yau ta haɗiyi yawu, gobe tururin tukunya ya shige mata hanci, jibi ba ta tabbata ta yi niyya ba. Jibo ya kai ta gun limamin unguwa, ya ce mata babu kaffara a kanta, kuma haramun ne ta halaka jikinta. Ta amsa da to. Ba su kai gida ba ta fara cewa ai ba ta yi wa Malam bayani daidai ba.

Da ma ko an sha ruwa tana ci, da sauƙi. Dabino guda za ta wanke har ya saɓule, ta gutsiri rabi. Tuwo kuwa sai ta tsattsaga shi gutsi-gutsi, ta jera a gefen kwano, ta rufe. Ta taɓa gaya mini cewa in cikinta ya cika sai ta ji kamar najasa take ɗauke da ita, in ya zama wayam sai ta ji ta tsarkaka. Tana faɗa tana mintsinar fatar cikinta, wai har yanzu akwai saura, alhali zani sau biyu yake zagaye ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai mutanen unguwa ne. Waliyyiya suka mai da ta. Mata na kawo jarirai ta yi musu tofi, ana nuna ta ga 'yan mata wai ga abin koyi. Na tsaya a tsakar gidan na ce musu wannan ciwo ne, yarinya na mutuwa kuna tafa mata. Aka ce Indo mai waina ciniki take nema, shi ya sa ta ƙi jinin mai azumi.

Ranar da ta faɗi a makewayi muka kai ta asibiti. Wata likita ta daɗe tana magana da ita, sannan ta kira ni da Jibo gefe. Ta ce waswasin da ƙin abincin kusan jijiyarsu ɗaya: tsoro ne yake kafa mata doka, in ta bi ta sami sauƙi kaɗan, sai ya dawo da wadda ta fi ta tsanani, kuma yunwa na ƙara masa ƙarfi. Ta ce akwai magani, amma an daɗe. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Da gari ya waye ta zare allurar, wai tana karya azumi. Ta yi ta kuka a mai da ta gida, har Jibo ya kasa jurewa.

Shi ne muke nan, ni da cokalina. Na roƙe ta da Allah da Annabi. Na yi mata faɗa, na yi kuka, na ce in da zunubi na ɗauka a wuyana. Da na rasa dabara sai na miƙe na saki labule, ɗakin ya yi duhu.

"Ga shi, rana ta hwaɗi. Sha."

"Ban ji kira ba, Inna."

"Ni na ji. Lasifikar ce ta lalace."

Ta dube ni da idanun nan da suka faɗa rami, ta ɗan yi murmushi, don ta san ni ban iya ƙarya ba.

"Saura kaɗan," ta ce. "Wannan karon ban ɓata ba."

Na riƙe hannunta, fatar duk ta tsattsage don wanki. Muna jira, Jibo ya fita ya tsaya a ƙofar masallaci kamar zai janyo ranar da hannunsa. Ladan bai kai ga taɓa lasifika ba na ji hannun ya saki.

Ni na yi mata wanka da safe. Ɗaukarta ba ta fi ɗaukar damin kara ba. Na yi mata alwala, na zuba ruwa sau uku kamar yadda ake yi wa kowa, na tsaya da buta a hannu ina jira. Ba wanda ya ce in sake.

Bayan addu'ar bakwai Jibo ya rufe gidan ya koma wajen danginsa a Jiratawa. Jiya da na fito share wurin suya, na tarar gindin katangar ya bushe ƙayau, kajina sun kwanta a wurin suna birgima cikin ƙasa.