Almakashin Ululani

Tun ƙarfe bakwai na safe Ululani Kapaona ta kama kujera a layi na biyu, alhali sai goma za a fara. 'Yarta Mehana ce ɗalibai ɗari uku suka zaɓa ta yi jawabi a madadinsu, ranar da ake yaye su daga makarantar koyon mulki da harkokin jama'a.

Da aka fara taro sai ta miƙe tsaye tana leƙen dandamali. "Ki zauna mana, kin tare wa mutane," in ji mijinta Palani.

"Su leƙa ta gefe. 'Yarsu ce za ta yi magana?"

Baƙon da ya fara jawabi tsohon alƙali ne. Ya ce minti biyar zai yi, ya cinye arba'in, har Palani ya fara gyangyaɗi. Ululani ba ta ji ko kalma ɗaya ba, idonta na kan Mehana da ke zaune a dandamali, hannunta dafe da ciki ta cikin babbar rigar nan ta bikin yaye ɗalibai. Juna biyu gare ta, wata huɗu ke nan. Sau biyu tana ɓari a baya, shi ya sa wannan karon ta roƙi uwar kada kowa ya ji, har Palani, don bakinsa ba ya riƙe magana.

Da aka kira sunan Mehana, shugaban makarantar, wani farfesa da ko shekara bai yi a tsibirin Hawaii ba, ya miƙe da lei a hannu, wato sarƙar furen da ake sa wa mutum a wuya don girmamawa, irin wanda ya rataya wa alƙalin. Farin fure ne tas, Ululani da ta shekara talatin tana jera fure a zare ba ta ga makusa a jikinsa ba. Sai dai ɗaurarre ne, an haɗe bakinsa biyu ya zama da'ira. Kowace tsohuwa a Hawaii ta san ba a rataya wa mai ciki ɗaurarren lei, sai buɗaɗɗe, kada cibiya ta naɗe wuyan jariri. Kuma ba a ƙin karɓar lei, ba a cire shi a gaban wanda ya bayar.

Mehana ta sunkuyar da kai, aka rataya mata. A gida ita ce mai cewa duk camfi ne, amma ga ta nan ta kai hannu wuya tana taɓa zaren. Maimakon ta fara jawabi, sai ta juyo tana neman uwarta da ido.

Ululani ta lalubo ɗan almakashinta na yankan zare, ta miƙe.

"Ina za ki? Ululani! Za ki ba mu kunya!" in ji Palani.

Mai gadi ya tare ta a matakala. "Anti, ba a hawa."

"Matsa, ɗana, yanzu zan sauko."

Ya matsa. Wa zai yi kokawa da tsohuwa a gaban mutum dubu biyu?

"Ka yi haƙuri, Farfesa, furenka ya yi kyau," ta ce, ta wuce shi. A gaban 'yarta ta tsaya, ta buɗe tafin hannu ta nuna mata almakashin. Ta san tana yankawa asiri ya tonu. "Sai abin da kika ce," ta raɗa mata.

"Yanka, Mama."

Ta yanke zaren ta bayan wuya, ta ƙulla bakin nan, ta ƙulla wancan. Ko fure ɗaya bai faɗi ba. Sai wata tsohuwa daga can baya ta ƙwala ihun murna, tafi ya ɓarke.

"Wai me ya faru?" Palani ya tambayi matar da ke gefensa.

"Haba, Ankul! Ka kusa zama kaka, kana nan kana barci."

Kafin Ululani ta koma kujerarta muryar Mehana ta cika zauren, daram, ba ko rawa. Alfahari ya cika mata ƙirji har hawaye suka zubo, ba ta ko share ba.

Palani ya kamo hannunta. "Wata nawa? Kuma ni ne na ƙarshen ji?"

"Yi shiru," in ji Ululani. "'Yata na magana."