Ruwan da Malam Alƙasum Ya Bari

Larai tana tsaka da tankaɗe ta ji ƙarar fashewar kwalba a gidan Malam Alƙasum, sannan shiru ya biyo baya. Shirun ne ya tsinka mata zuciya. Ta yar da rariya ta zagaya ta zaure, ta iske shi yashe a ƙasan ɗakin aikinsa, hannu ɗaya riƙe da ƙafar tebur, farin idonsa ya koma rawaya.

Da ƙyar ta jingina shi da bango. Ta kai hannu za ta kwashe fasasshiyar kwalbar, ya hana ta.

Malam Alƙasum masanin sinadarai ne. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi tsakanin Yamai da ƙasar Faransa yana koyarwa yana bincike, har ciwon hanta ya maido shi gidan gadonsu a Birnin Konni. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Mutanen unguwa suna girmama shi, amma daga bakin zaure suke gaida shi, don mai kwalabe ɗari a ɗaki ba a cika yi masa doguwar hira ba. Larai ce katanga ɗaya ta raba su. Ita ke kai masa kunu, ita ke sa a kawo masa karan gero a amalanken jaki daga gonarsu ta Bazaga.

Aikinsa kuwa, wani gishiri ne gare shi wanda ba ya daskarewa, yana nan ruwa-ruwa kamar man gyaɗa. Idan ya ɗumama shi ya jefa auduga ko niƙaƙƙen kara, sai su narke a nemi su a rasa. Idan ya kwara ruwa, sai su dawo fari fat a dunƙule. Ya ce wata rana da karan da ake ba jakai za a yi takarda da zare. Ranar da Larai ta fara ganin wannan da idonta a'uziyya ta ja, ta kwana uku ba ta leƙo ba, sai dai ta aiko da kunun.

Abin da ya ci ƙarfinsa shi ne ruwan da ya rage. Gishirin yana shigewa cikinsa, kuma raba su shi ne binciken da ya kawo gida bai ƙare ba. Yakan zuba wani gari ruwan ya rabu hawa biyu, ya kwashe na sama, amma kullum da saura. Bai taɓa yarda ya zubar da shi a kwata ba. A fararen jarkoki uku yake tarawa, an naɗe bakinsu da leda, an jera su a kan gadonsa.

Su ya nuna mata ranar da ya faɗi, numfashinsa yana yankewa.

"Uwar Nazifa, kin ga bidon ga ukku? A ido ruwa na, amma ba na sha ba na. Kak ki bari kowa shi kai shi baki, ko akuya. Wani abokin aikina za ya zo daga Yamai shi ɗauke su."

Ta tambaye shi abin da zai sami wanda ya sha.

"Ban sani ba," ya ce. "Shi ya sa nike tsoro."

Wannan amsa ta fi komai tayar mata da hankali. Da ya ce mutuwa, da ta san da abin da take zaune. Ta ce bari ta kai su gidanta ta ɓoye, ya ƙi, ya tuna mata cewa autarta Nazifa tana can ta zo goyon cikin fari, wata tara ya kama. Larai ta ɗauki alkawari. Daga ranar, duk shigar da za ta yi sai ta ƙirga jarkokin da ido kafin ta ce masa sannu.

Kwana tara ya yi a kwance. Abokin na Yamai bai zo ba. Da jiki ya yi tsanani Larai ta ba wani direban motar ƙauye saƙo zuwa Dogarawa, wurin yayarsa Hajiya Zara. Ran Laraba da sassafe ta ba shi kunu cokali biyu, ya yi mata godiya mai tsawo wadda ba ta ji daɗinta ba, ta hau kabu-kabu ta ƙetara iyaka neman wani magani da aka rasa a Konni. A dawowa 'yan duwan, wato kwastan, suka tare hanya suna sauke kayan wata babbar mota, aka yi ta zaman jira har rana ta take.

Tana shigowa lungunsu ta hangi makara tana fita daga zaurensa, maza suna biye, mijinta Ɗanjuma a cikinsu. Ledar maganin ta suɓuce daga hannunta. Ta dafa bango ta yi kuka, don ta san mutumin nan bai taɓa cutar ko kaza ba, kuma ya tafi ba ta kusa.

Cikin gida ya cika da mata. Hajiya Zara, wadda ta iso da hantsi ta iske ƙaninta yana kan gargara, ta rungume Larai tana sa mata albarka. Sannan ta ce, cikin kuka da alfahari, ashe ɗan'uwanta ya yi wa kansa tanadi. Shekara uku da suka wuce ya je Makka, kuma ga shi ya ɓoye zamzam har jarka uku a kan gadonsa, baki a naɗe, yadda tsofaffin kirki suke ajiyewa don ranar wankansu. Pampo ya kwana biyu bai kawo ba, sai ga rahama a ɗaki. Da ɗaya aka wanke shi aka yayyafa wa likkafani. Biyun an juye a randa don masu dawowa daga maƙabarta su sha albarka.

Larai ta dubi randar a gindin dalbejiya, an rufe da faifai, an kife moɗa a kai.

"Yaya, wa ya sha?"

"Ba kowa tukuna, sai maza sun komo. Ɗiyakki kaɗai na aika ma da kofi guda, tunda tsohon ciki gare ta. Sauƙin naƙuda na."

Larai ba ta san lokacin da ta isa murhu ba. Ta dumbuzo toka hannu bibbiyu, ta ture faifan, ta zuba cikin randar, ta ƙara dumbuzowa. Mata suka ɗauki salati. Hajiya Zara ta damƙe mata hannu tana tambaya ko ta zautu ne, toka a cikin zamzam, a gidan mutuwa.

"Ba zamzam ba na, Yaya. Ruwan aikinai na. Kak kowa shi taɓa."

Ta ga yadda fuskar tsohuwar ta sauya, ta san tunanin wankan ne ya faɗo mata, amma ba ta da lokacin rarrashi. Ta yage takardar da ke manne a jikin jarka ɗaya ta fita da gudu.

Nazifa tana zaune a kan tabarma tana tsintar wake, kofin yana gefenta an rufe da murfin kwano. Ta ce ai ta yi yadda aka koya mata, ta miƙe tsaye ta fuskanci gabas ta yi kurɓa uku. Da ɗaci-ɗaci, amma dama ta ji ana cewa zamzam nauyi gare shi a baki. Rabin ta ajiye sai ranar naƙuda. Tana murmushi take faɗi, sai da ta dubi hannuwan uwarta, toka har gwiwar hannu, murmushin ya tafi.

A gidan likita, ma'aikaciyar ta juya takardar gaba da baya. Haruffa ne na boko da lambobi, da rubutun hannun Malam Alƙasum siriri. Ta kai wa babbansu, shi ma ya duba ya girgiza kai, ya ce bai taɓa cin karo da wannan suna ba, ina wanda ya rubuta? Mutum ɗaya ne a duk Konni zai iya cewa wani abu a kai, kuma a daidai lokacin ana tura masa ƙasa. Ta ji haushinsa ya taso mata, ta ji tausayinsa ya danne haushin, tsoro kuma ya fi su duka.

Aka ɗura wa Nazifa ruwan gawayi, aka auna ta, aka ce su zauna a baranda a ga abin da Allah zai yi. Babban ya ce abin lura shi ne motsin ɗan. A nan Nazifa ta sunkuyar da kai ta ce tun azahar ba ta ji shi ba.

Larai ta zaunar da ita a kan benci, ta durƙusa a gabanta, ta ɗora tafin hannu a kan cikin. Aka kira la'asar a masallacin da ke bayan katanga, ba ta tashi ba. Inuwar baranda ta ja har ta rufe ƙafafunsu. Can wani abu ya tunkuɗi tafinta daga ciki, sau ɗaya, a hankali.

"Inna, kin ji?"

Larai ba ta ɗage hannun ba. Tana jiran na biyu, tokar tana barin shatin yatsunta biyar a kan zanen.